Kwaɓin Fulawa a Wuyan Tanki

"Ba zan zuba ba, Ammo."

Yolla ta faɗi haka tana tsugune, ko ɗagowa ba ta yi ba. Yatsanta na kan wuyan tankin, daidai inda aka yi walda, ruwa kuwa yana tsattsafowa ta wurin, ɗigo na bin ɗigo, yana gangarawa cikin hannun rigarta.

Ammo Sarkis, yayan marigayi mahaifinta, yana tsaye a ƙofar ɗakin ƙasan ya tare haske. Ya zare sigari daga bakinsa ya dube ta kamar wanda bai ji da kyau ba.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan zuba giya a cikin wannan ba. Yoyo yake yi."

"Yoyo!" Ya matso ya leƙa. "Wannan ɗan gumin ne yoyo? Ni ma ai gumi nake yi, kin ga an jefar da ni? Ki ce wa matata Odet ta kwaɓo miki fulawa ki shafe wurin, gobe ki dafa sha'irinki ki zuba. Saura kwana goma sha shida idi."

"Fulawa ba za ta riƙe ba."

"Shekara arba'in da biyar ina liƙe karake da fulawa, 'yar ɗan'uwana. Ubanki da ita ya liƙe, kakanki ma haka. Yau kuma takardar Bairut ta ce fulawa ba ta riƙo."

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa ma musu da shi yake gajiyar da ita. Kowace kaka, in an tsinke inabi, yakan ɗora karake, tukunyar tagullar nan, a wuta ya tace arak, barasar inabi, ya bi duk wata kafa da kwaɓin fulawa ya shafe. A sana'arsa duk abin da ya yi huci asara ce, ƙarfin giya ne yake guduwa. Tun yana saurayi kunnensa ya saba: in ka ji fisss, ka toshe. To amma tururin karake yana da hanyarsa ta fita, yana bin bututu ya sauka a kwalba. Tankin Yolla kuwa tsare iska yake yi da gangan, kuma abin da ake tsarewa in bai sami ƙofa ba, shi yake yi wa kansa.

Ta yi masa wannan bayanin ya fi sau biyar. Kullum sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙwarai, injiniya," ya ci gaba da abin da yake ciki.

Shekara biyar ta yi tana karatu, uku tana aiki a wata masana'antar tukwanen tururi, kafin a rufe wurin ta dawo ƙauye da akwati ɗaya. Ta tarar da wutar lantarki tana zuwa awa biyu a rana in an yi sa'a. Giyar sha'ir kuwa sanyi take so kafin ta tsumu, in aka bar ta a zafin bazara sai ta fito tana warin fenti. A cikin zaman banzan nan ne ta gano cewa yis, abin da ke tsumar da giya, in aka matse shi da iskar da shi kansa yake fitarwa, yakan nutsu ko da zafi, kuma giyar ta yi kumfarta ba sai an sayo gas ba. Ta samo tsohon tankin lemo a wani shago da ya mutu, ƙarami, mai cin lita goma sha tara. Sau huɗu tana saɓa shi a motar haya zuwa Batrun wurin Mu'allim Hagob mai walda, sau uku yana dawowa da matsala. A na huɗun ya zauna daidai: geji a sama mai nuna ƙarfin iska, da ɗan bawul a gefe wanda in iskar ta kai iyaka yakan buɗe da kansa ya yi huci ya rufe.

Ranar da Ammo Sarkis ya kurɓi kofin farko, ya share kumfa daga gashin bakinsa, ya ajiye kofin. Washegari ya miƙa mata makullin ɗakin ƙasan da ke bayan gidan abincinsa. Cikin shekara biyu wannan makullin ne kaɗai abin da ya sa take tashi da safe ta san inda za ta.

Sai ga idin Maryamu ya ƙarato, lokacin da 'yan ƙauyen da ke Ostireliya da Kanada suke dawowa, teburan gidan abincin su kai har bakin marmaro. Ammo ya riga ya shaida wa kowa cewa bana giyar gida za a sha. Lita goma sha tara ko limamin coci da mawaƙansa ba za ta isa ba. Shi ne ya sa aka sauko da tsohon tankin dafa ruwan wanka daga kan rufinsa, mai cin ɗari da hamsin. Kwana tara Yolla ta yi tana kankare cikinsa har fatar yatsunta ta saɓule. Mu'allim Hagob ya yi masa wuya da murfi, amma da zai ba ta ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya taɓe baki.

"'Yata, ƙarfen nan ya yi siriri kamar gurasar tanda. Na yi abin da zan iya. Ki gwada shi da ruwa kafin komai, in ya yi kuka kada ki dawo min da shi, ba zai ɗauki wata waldar ba."

Shi ne yau ta cika shi da ruwa har wuya, ta ɗaura famfon tayar mota tana bugawa. Ruwa ba ya matsuwa, in ƙarfe ya tsage da ruwa a ciki jiƙa mutum kawai zai yi. In iska ce, sai dai a tsinto murfin a gonar maƙwabta. Allurar gejin ba ta kai rabin inda take so ba, wuyan ya fara kuka.

"Ammo, dubi bangon nan," ta ce, ta miƙe tana yarfe hannu. "Bulo ɗaya ne tsakaninsa da kicin. Mata nawa za su zauna a can suna naɗe ganyen inabi har mako biyu? Mama ma a jikinsa take jingina."

"Yanzu kuma ni ne zan kashe matar ɗan'uwana."

"Ban ce haka ba. In kana so in zuba, in bar bawul ɗin a buɗe gaba ɗaya. Ba za ta yi kumfa ba, kuma za ta yi ɗan tsami, amma ba wanda..."

"Giya ba kumfa? In ba wa mutanen Sidni fitsarin jaki?" Ya jefar da sigarin ya murje da takalmi. "Saurara. Gobe da safe ko in ji warin sha'ir a wuta, ko in ga makullina a kan tebur. Surukina Milad ya ga yadda kike yi, ba wani sirri ba ne."

Ta tarar da mahaifiyarta, Salwa, a baranda tana tsinke ganyen lalo, rana ta fara sanyi. Labari ya riga ta isowa, don Tanti Odet matar Ammo ba ta barin waya ta huta.

"Ki ce masa to, mana," in ji Salwa, idonta na kan tire. "Ki ce to, ki shafa fulawar, Allah ya tsare."

"Mama, ba addu'a ce ta yi ƙaranci ba. Ƙarfe ne."

"Ƙarfe, ƙarfe. Ubanki ma haka yake, in ya kafe sai ka ce an dasa shi. Shi dai namiji ne, an ce masa mai ra'ayi. Ke me za a ce miki?" Ta ture tsinken gefe. "Shekara ashirin ina kicin ɗin nan. Daga can muke ci, kin sani. Mutumin nan bai taɓa wulaƙanta mu ba."

"Na sani."

"To?"

Yolla ta jawo kujera ta zauna ta ɗebi ganyen ta fara tsinka. Amsarta ba ta canja ba, kuma ta gaji da jin ta a bakinta.

Da safe ta ajiye makullin a kan teburin Ammo kusa da kofin gahawarsa. Bai dube ta ba. Milad, mijin 'yarsa, direban tasi mai fara'a wanda bai taɓa cewa bai iya abu ba, ya raka ta ɗakin ƙasan ta ɗauki ƙaramin tankinta. Gejin da bawul ɗin da ke kan babban nata ne, kuma da wuya ta samo su, amma ta bar su.

"Milad, don girman Allah, ka ga wannan ɗan abin? Zai riƙa huci. Ka ƙyale shi ya yi. Ko Ammo ya ce me, kada ka taɓa shi."

"Haba, injiniya, kwantar da hankalinki. Jiya na kalli bidiyo uku."

"Da wane yare?"

"Jamusanci. Ai hannu nake kallo, ba baki ba."

Ta saɓa tankinta ta hau matakala sittin da biyu zuwa gida.

Kwana biyu bayan an zuba, Salwa ta dawo daga aiki tana ba da labari cikin dariya: wai ɗan usur ɗin nan ya hana Sarkis sakat, duk hucin da ya yi sai ya dafe ƙirji ya ce ga kofi guda ya tafi. Ƙarshe ya sa Milad ya kwance shi ya ɗaure ramin da noti.

Yolla ba ta tsaya neman takalmi mai kyau ba. Ta sami Ammo a ƙarƙashin rumfar inabi yana buga tawula, wasan allo da ƙwayoyi, da dattawa uku.

"Ammo, ka sa a mayar da bawul ɗin nan yanzu."

"Ku ji min ikon Allah. Ba a gaisuwa a jami'a?"

"Ina wuninku. Ammo, abin da ke ɗakin nan yanzu ba tanki ba ne, bam ne. In ya tashi zai ɗauki bangon kicin da duk wanda ke bayansa."

Dattawan suka sunkuyar da kai suna kallon allo. Da a gefe ta ja shi, wataƙila da ya yi gunaguni ya aika Milad a ɓoye. Ta gane haka tun kafin ta rufe baki, amma magana ta riga ta fita a gaban mutane. Wuyansa ya yi ja.

"A gidana, a gaban baƙina, kike ce min mai kisan kai?" Ya jefa ƙwayoyin wasan a allo. "Tafi. Abu Tanus, jefa, kai ake jira."

Ta roƙi Tanti Odet a fitar da teburan aiki tsakar gida. Odet ta ce ƙudaje za su gama da naman, kuma ita ba za ta shiga tsakanin mutum da 'yar ƙaninsa ba. Ta roƙi mahaifiyarta ta ce ba ta da lafiya. Salwa ta ce ba ta taɓa yin ciwon ƙarya ba, ba kuma za ta fara da makon idi ba.

Washegari da sassafe matan suka iso suka tarar da Yolla zaune a kujerar Salwa, bayanta a jikin bangon, ta jawo tiren ganyen inabi gabanta.

"Nan wurina ne," in ji Salwa.

"Koma kusa da ƙofa, Mama, an fi samun iska."

Ta san sarai cewa jikinta ba zai tare komai ba. Taku shida ne kawai ta ƙara wa mahaifiyarta, kuma ba ta da wani abin da za ta iya bayarwa.

"Wayyo, yau injiniya ce za ta naɗe mana," in ji Odet. Ta ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda Yolla ta naɗe ta nuna wa sauran. "Ku duba. Wannan ganyen inabi ne ko matashin kai? Shekara biyar a Bairut, ba a koya miki siriri ba?"

"Ba a cikin manhaja yake ba, Tanti."

"Shi ya sa har yanzu ba miji."

Aka yi shewa. Yolla ta yi murmushin da ya isa a ƙyale ta. Yatsunta na naɗi, kanta na lissafi: sukarin da ke cikin lita ɗari da hamsin, iskar da zai haifa, ɗan filin da ya rage a saman tankin. Duk ta inda ta bi da lissafin, wuri ɗaya yake kai ta. In aka yar da murfin tukunya sai ta waiga ta dubi bangon. Janareto na ruri a waje tun safe har yamma, mata na gulmar wadda ta dawo daga Kanada da sabon hanci, ita kuwa kafaɗunta sun ƙage don sauraron bango. In ta koma gida ko cokali ba ta iya ɗagawa da kyau.

A bayan ginin akwai wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe daidai da ƙasa, wadda ke kallon cikin ɗakin. Kowace safiya kafin a tayar da janareto takan durƙusa ta leƙa. Rana ta farko allura ta wuce inda ta taɓa gwadawa. Rana ta biyu ta ƙara hawa.

Rana ta uku, tun kafin ta durƙusa ta ji warin yis. Ta kara kunnenta a sandunan. Can ƙasa-ƙasa, siriri kamar numfashin mai barci, wani abu yana cewa sssss ba ya yankewa. Ta ɓangaren da ke fuskantar tagar, kwaɓin fulawar da Milad ya lafta ya bushe ya dare, wani ɓallin ya faɗo ƙasa. Waldar ta buɗe kamar silin gashi maimakon ta yage. Allura ta sauko kusan ƙasa.

Ta zauna dirshan a cikin ƙura ta jingina da bango, ta daɗe a haka.

Abin da ya fara zuwa mata shi ne ta tashi ta jawo Ammo da hannu ta nuna masa fulawarsa a ƙasa. Har ta miƙe. Sai ta tuna wane ne Ammo. In ya ji wannan hucin, kafin azahar an sake liƙe wurin, kuma wannan karon ba da fulawa ba, Milad zai kawo gam ɗin da ake like tankin mota. Tsagar nan ita ce kaɗai shaidar cewa ta yi gaskiya, ita ce kuma kaɗai abin da ke tsare matan kicin. Ba za ta sami duka biyun ba.

Ta jawo wata tukunyar fure ta gindaya a bakin tagar, ta karkaɗe siket ɗinta, ta shiga ta zauna a kujerarta.

Kwana goma ta yi tana riƙe da bakinta. Milad yakan leƙa daga ƙofa ya dubi gejin ya shigo kicin yana washe baki. "Injiniya, allurarki ko motsi ba ta yi. Yaushe ne tashin duniyar? In san ko in biya kuɗin makarantar yara." Takan ce, "Allah ya sa haka," ta ci gaba da naɗi. Zuwa ƙarshen makon Odet da kanta ta ce naɗin nata ya fara kama da abinci.

Ranar idi, bayan an fito daga coci, aka buɗe famfon tankin. Giyar ta zubo lamɓas, ba kumfa ko ta kwabo, da ɗan tsami a ƙarshen harshe. Ammo ya kurɓa, fuskarsa ta yi wani iri, sai ya ce a kawo ƙanƙara da yawa, kuma a riƙa zubawa daga sama don ta yi ido. Mutanen Sidni sun riga sun sha arak kofi bibbiyu, ga kewar gida. Suka ce ba su taɓa shan irinta ba, wannan ita ce ta gargajiya, irin ta kakanni. Har wani ya nemi a cika masa gora ya tafi da ita.

Yolla na ɗauke da tiren kibbe, curin nama da alkama, za ta wuce sai wani ya hura jakar takarda ya fasa a bayanta. Tiren ya kusa suɓucewa. Teburi uku suka kece da dariya.

"Bum!" in ji Milad. "A gafarce mu, injiniya, ya ɗan makara ne."

Ammo ya ɗaga kofinsa. "Lafiyar fulawa!" Aka amsa masa. Sannan ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji, baɗi tun farkon bazara za a zuba, sau uku, kuma zai sa a yi wa wuyan siminti don kumfar ta zauna. Ashe ya gano. Ya gano inda iskar ta bi, bai gano abin da ta hana ba.

Bayan kwana biyu aka gangaro da tankin tsakar gida don a wanke. Da hantsi, ana share teburan idi, Yolla ta sauko da guduma da kurfin yanka ƙarfe. Ta gaishe da Ammo, ya kau da kai. Ta durƙusa ta kafa kurfin a jikin tankin ta buga. Bugu na biyu ya shige, kamar gwangwanin madara. Ta ja shi ta tsaga ƙarfen tun daga wuya har gindi, ta sake tsaga wani a gicciye yadda ba mai waldar da zai ko dube shi. Ba wanda ya riƙe ta, mamaki ya hana. Ta kwance gejinta, ta karɓi bawul ɗinta a aljihun Milad, ta hau matakala.

Ammo bai yi ihu ba. Da yamma ya aiko Odet ta gaya wa Salwa cewa ta huta haka nan, ƙafafunta sun yi tsufa da tsayuwar kicin.

Ƙaramin tankin yana baranda yanzu, a bayan tukwanen na'ana'a, yana hucinsa a kan lokaci. Giyar tana fitowa garau da kumfa mai kauri, sai dai ba mai hawa matakala sittin da biyu ya sha, don ba wanda ke son a gan shi. Yolla ta rasa ɗakin ƙasan, ta kuma jawo wa mahaifiyarta rasa aikin shekara ashirin, Salwa kuwa ba ta taɓa yi mata gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Ammo Sarkis bai ƙara kiran sunanta ba, in sun haɗu a ƙofar coci yakan tsaya gyaran igiyar takalmi har ta wuce. A ƙauyen kuma ba mutum ɗaya da ya yarda tankin nan zai iya fashewa. Bum suke kiranta.